Ranar da Muka Wuni a Jirgin da Bai Tashi Ba

Akwai wani wuni da har gobe ban manta shi ba, kuma ba na jin zai bar raina sai ran da aka binne ni. Lokacin ina malamin asibiti, muna zaune a Tudun Wada, Zariya, shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi. A shekarar ce Inna, mahaifiyata, ta yi niyyar aikin hajji, ni ne kuma zan raka ta. Ta tsufa, ga ciwon ƙirji, shi ya sa muka zaɓi jirgin sama. Ran da za mu bar gida duk unguwa ta fito, mata suna ta cewa ta sa su a addu'a.

Muka hau jirgin ƙasa zuwa Kano. Washegari da hantsi aka shigar da mu jirgin sama, aka rufe ƙofa. Farfela ta juya, ta juya, sai ta tsaya. Shi ke nan.

Bazara ce. Kafin azahar cikin jirgin nan ya zama kamar tanda. Ta taga muna hangen matuƙan, Turawa biyu, sun sauka ta ƙofarsu sun shige inuwa. Aka bar mu da wani malamin kamfanin jirgin mai farin kwat, shi ke yi mana tafinta. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Yanzun nan za a tashi, Baba, a yi haƙuri." Aka roƙa a buɗe ƙofa mu sha iska, ya ce ba a ba shi izini ba. Ruwan da ke ciki ya ƙare. Salla ma a zaune muka yi ta, da taimama.

Inna ba mai ƙorafi ba ce. Sai da na ga leɓenta ya bushe, numfashinta yana sama-sama, na tashi na sami malamin.

"Malam, aikin asibiti nake yi. Tsohuwar nan in ta ƙara awa ɗaya a nan, gawa za ku fitar."

Ya sunkuyar da kai, ya rage murya. "Wallahi ni ma ba a gaya mini komai ba. Cewa kawai aka yi in an sauke ku, sake tara ku zai yi wuya."

Maganar nan ta fi zafin ranar ƙona ni. Ashe don kada a sha wahalar sake jera mu aka kulle mu. A lokacin na tsani mutumin. Yanzu da na manyanta na gane shi ma a kulle yake tare da mu, kwat ɗinsa ya jiƙe sharkaf da gumi.

Sai bayan la'asar aka buɗe ƙofa. Aka ce inji ya lalace, a dawo jibi. Ba wanda ya ce mana sannu. Goye a bayana na sauko da Inna. Da ta sha ruwa ta ɗan farfaɗo, ta riƙe hannuna ta ce, "Mai da ni gida. Na gaji."

Na lallashe ta, ta ƙi. Muka koma Tudun Wada, maƙwabta suna leƙowa suna mamaki, ita kuwa ta shige ɗaki. Ta ce sai baɗi. Kafin baɗin ta rasu.

Na yi shekara talatin a asibiti bayan wannan, kuma abu ɗaya ranar ta koya mini: mai jira mutum ne. In layi ya tsaya, nakan fito da kaina in faɗi dalili, ko da babu daɗin ji, in sa a kawo ruwa, a buɗe ƙofa. Mutane suna iya jure jira mai tsawo. Abin da ke karya su shi ne su gane babu wanda ya tuna suna nan.