Ranar da Yaƙin Jamus ya Kusa Cin Iƙamata

Ranar nan ba ta fita raina, don har yau ban ga abin da ya haɗa ni da yaƙin da aka gama tun ba a haife ni ba. Ni direba ne fa. A shekarun tamanin ɗin nan ina jan motar wani kamfanin gine-gine a Riyad. Aikina ɗaya: in ɗauko injiniyoyi biyu a Ulaisha da safe, in kai su wurin aiki wajen Dir'iyya, in maido su da la'asar. Ɗaya tsohon Ba'amurke ne, muna ce masa Dogo. Ɗayan Bajamushe, muna ce masa Mai Gilashi.

Dogo soja ne a yaƙin duniya na biyu, kuma bakinsa ba ya hutawa. Kullum labari ɗaya: yadda suka tsallako teku suka sauka Faransa, yadda sanyi ya kusa cinye masa yatsu a wani daji, yadda suka yi ta tura Jamusawa har suka ƙetare babban koginsu. Mai Gilashi yana baya, ido a kan takarda, ko tari ba ya yi.

Ran nan muna kan hanya sai Dogo ya taɓo kafaɗata ya ce, "Sale, gaya masa, wa ya ci yaƙin?"

To ku kun san mu. A wurinmu mutanen da kakanninsu suka gwabza, ai abokan wasa suke zama, kamar Fulani da Barebari. Na ɗauka su ma haka ne. Na leƙa madubi, da guntun Turancina na ce, "Oga Gilashi, ashe bawan Dogo ne kai? To sauko ka ɗaukar wa ubangidanka jaka."

Mutumin nan ya yi jawur. Ashe a dajin nan aka kashe ubansa, yana ɗan shekara tara. Wa ya gaya mini? Ba wanda ya gaya mini.

Washegari aka kira ni ofis, na tarar da Dogo da Mai Gilashi a can. Ga sababbin zuwa: kafil shi ne wanda iƙamarka, wato takardar izinin zamanka a ƙasar, take ƙarƙashin sunansa, fasfonka ma yana aljihun teburinsa. Ran da ka ga fasfon a kan tebur, to jirgi ya kusa. Nawa yana kan tebur.

Mudir Abu Fahad, manajanmu kuma kafil ɗina, ya ce, "Ya Sale, me ya sa ka zagi muhandis?" Wato injiniya Mai Gilashi.

Na ce, "Wallahi wasa ne, ɗal umrak, ranka ya daɗe. Na kuma ba shi haƙuri, ban san zancen mahaifinsa ba."

Na juya wajen Dogo ko zai ce shi ya tsokano. Tsohon nan da ya ce bai ji tsoron tankar Jamus ba, sai ga shi yana kallon fanka. A nan na gane aikin direba: manya su kunna, kai ka ƙone.

Mai Gilashi ya ce lallai a sallame ni, yaƙi ba abin wasa ba ne. Raina ya ɓaci, na faɗi maganar da ta sa Abu Fahad ya tura fasfon cikin aljihun tebur.

Na ce, "Ya mudir, mutanen wannan sun harbi na wancan, na wancan sun harbi na wannan, duk kun ba su gida mai sanyi da mota. Ni da ban taɓa harbin ko kaza ba, ni za a sa a jirgi?"