Allura Kafin Kowane Wasa

Edita, ina yi muku sallama. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko muku a wannan shafi, yau dai na ce bari ni ma in sauke nawa, ko wani yaro mai kunnen ƙashi irina zai ji ya tsira. Ba zan kama sunan kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa duk masu iyali ne yanzu, wasu ma sun riga mu gidan gaskiya. A shekarar da sojoji suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki, wannan karon na ƙarshe, ni ɗalibi ne a jami'a, ɗan ma'aikacin masaƙa daga Kakuri, kuma ni ne na fi kowa tsawo a ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantarmu. Falwaya ake ce mini, wato turken wayar lantarki, ban kuma taɓa jin haushin sunan ba. Girman kai kam ina da shi a lokacin, wallahi ba zan ɓoye ba. In zan shiga bas sai na duƙa, in na shiga fili kuwa gani nake ba a haifi wanda zai taɓa ƙwallo a samana ba. Babana so yake in kama karatu hannu biyu, ni kuma na ɗauka tsawon nan shi ne arzikina.

Ƙungiyarmu ba ta saba cin komai ba. A gasar jami'o'i mu ne ake fara sallama, har abokai kan ce yawon buɗe ido muke zuwa. A wannan shekara kocinmu ya yi rantsuwa sai an canza. Da aka ba da dogon hutu ya tara mu a Kaduna, tunda yawancinmu 'yan ƙetaren kogi ne, daga Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha da Kamazou, ya samo mana wani tsohon filin siminti a bayan gidajen ma'aikatan masaƙa. Kyaftin ɗinmu mutumin Filato ne, yana karatun likitan dabbobi, kuma shi ne babban abokina. Malam yake kirana, ni kuma in ce masa likitan shanu. Gari a lokacin cike yake da sababbin 'yan siyasa masu manyan riguna da manyan alkawura. Ɗaya daga cikinsu ya zo kallon atisayenmu, ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce in muka ɗauko kofi zai tura gwanayenmu ƙasar waje. Tun daga ranar na daina ganin komai sai jirgi.

Ana gab da wasanmu na farko, da safe, na yi tsalle na sauko a kan wata tsaga a simintin. Gwiwata ta dama ta murɗe, na ji wani ƙas a ciki. Kafin azahar ta kumbura ta yi kamar gwanda. Koci ya ce in tafi asibiti, amma ni da shi mun san in na je za su naɗe ƙafar su ce in kwanta, gasa kuma ba ta jiran kowa. Wani cikin masu zuwa kallo ne ya ja ni gefe ya ba ni labarin wani mai kemis a bayan kasuwa, wanda 'yan dako da masu tura baro ke zuwa wurinsa in jiki ya ƙi. Kyaftin ya raka ni. Mai kemis ɗin mutum ne mai sanyin murya, yana da wani ɗan ɗaki a bayan shago da labule da benci, da sirinjin gilashi da yake tafasawa a gwangwanin madara a kan risho. Ya soka allura ya zuƙe wani ruwa rawaya daga gwiwar, sannan ya ɗura nasa. Ban gama ɗaure igiyar takalmi ba ciwon ya ɗauke ɗif, kamar ba a taɓa yi ba. Na yi tsalle a ƙofar shagon ina dariya. Abin da ya kamata ya tsorata ni ke nan, sai ga shi shi ne ya burge ni.

Muka ci wasan farko, ci mai kyau, a kan makarantar da ta saba lallasa mu. To, wanda bai zauna da 'yan wasa ba ba zai gane irin camfinsu ba. Duk abin da aka yi ranar da aka yi nasara, shi ke nan ya zama doka. Wurin mai abincin da muka ci shinkafa ba a canzawa, kujerar da kowa ya zauna a bas ba a canzawa, akwai wanda ya ƙi wanke safarsa har gasa ta ƙare. Zuwa wurin mai kemis ma ya shiga lissafi. Ranar wasa sai mu jera mu bi ta cikin kasuwa, su tsaya a waje suna tsokanata wai amarya ta shiga lalle, ni kuma ina ciki kwance a benci ina kallon silin. Musulminmu da Kiristanmu, kowa ya san wannan ba addini ba ne, amma babu mai ƙarfin halin cewa a bari. Koci ya sani sarai. Bai taɓa tambayata ba, sai dai ya dubi bandejin da nake ɗaure gwiwar da shi ya kau da kai. Muka yi ta ci, wasa bayan wasa, har yaran unguwa suka fara bin bas ɗinmu da gudu.

Ita kuwa gwiwa tana nan tana nata aikin shiru. Da farko allura ɗaya takan kai ni har washegari. Daga baya sai ta fara sakina tun ana tsakiyar wasa, in ta sake ni kuma ciwon da ke dawowa ya ninka na da. Wurin ya daina sacewa, ya yi sheƙi, in na ɗora hannu sai in ji ɗumi kamar an ajiye garwashi a ciki. Tsuguno ya gagare ni. Zaman tahiya ya gagare ni, don haka na daina bin Baba masallacin layinmu, na koma wani can nesa inda ba a san ni ba, in miƙe ƙafa a sahun baya kamar tsoho. Rannan muka je wurin mai kemis kamar kullum. Ya kwance bandejin, ya danna gefen gwiwar da ɗan yatsa, ya kai yatsan hancinsa, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya mayar da sirinjin cikin gwangwani, ya ce shi kam ya gama, in tashi daga nan in wuce asibiti kai tsaye, kuma don Allah ko an tambaye ni kada in ce na san shi. Mutumin da ke yi wa 'yan dako allura ido rufe, shi ne ya ji tsoron ƙafata. Gabana ya faɗi, amma ba don ƙafar ba, don wasan kusa da na ƙarshe da ke gabanmu.

A hanyar komawa na tsare kyaftin. Na ce masa ai ya ga yadda ake yi, ya san sunan maganin, kuma wanda ya iya yi wa bijimi allura ba zai kasa yi wa mutum ba. Ya ce a'a, ya ce Malam wannan ba wasa ba ne, a dabba ma in gaɓa ta yi irin wannan ɗumin ba a sake soka mata komai. Nan fa na hau shi da faɗa. Na ce masa matsoraci, na ce baƙin ciki yake yi kada a tura ni waje a bar shi, na ce in aka fitar da mu a wuyansa abin yake, kuma zan faɗa wa kowa. Muka rabu a bakin titi. Washegari ya zo da maganin a aljihu. Ya yi mini allurar a bayan ɗakin canza kaya, yana ta kiran sunan Ubangiji da yarensu. Muka ci wannan wasan ma, doka ta samu sabon mai aiwatarwa.

Baba ba yaro ba ne. Wata rana da la'asar ya dawo daga aiki ya same ni a zaure na jingine ƙafa a kan buta. Ya tambayi dalilin da ya daina ganina a masallaci, na ce ɗan targaɗe ne kawai. Ya tsuguna ya ɗora tafinsa a kan bandejin, ya janye da sauri. Ya ce da safe zai nemi izini a wurin aiki ya kai ni asibiti da kansa, in kuma na ƙi bai yafe ba. Na ce to. Yana shiga cikin gida na ɗauki jakata na hau acaɓa sai Kamazou, gidan gwaggon kyaftin inda yake zaune. Matar kirki ce, ta karɓe ni kamar ɗanta. Ba a daɗe ba ta shigo ɗakinmu da tsintsiya tana toshe hanci, ta ce lalle ɓera ya mutu a ɗakin nan. Ta sa aka janye gado, aka ɗaga katifa, aka zazzage akwati, tana ta mita a kan ƙazantar samari. Ni ina zaune a kujera na lulluɓe ƙafata da zane, kyaftin yana tsaye a bakin ƙofa. Muka haɗa ido, mun san daga inda warin yake fitowa.

Ranar wasan ƙarshe na tashi da zazzaɓi mai kaɗa haƙora. Kumburin ya haura har cinya, fatar ta yi duhu. Kyaftin ya roƙe ni, har da hawaye, ya ce in zauna a benci, ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu ba tare da ni ba. Na ce masa in bai yi mini allurar ba, zan karɓa in soka da kaina. Ya yi. Fili ya cika maƙil, ga masu manyan riguna a sahun gaba, ga ganguna. Abin da na iya tunawa kaɗan ne. Ina tuna ƙarar takalma, da gumi mai sanyi, da yadda nake jin ƙafar kamar itacen da aka ɗaura mini. An ce na yi wasan da ban taɓa yin irinsa ba, ni dai ban sani ba. Da aka busa usur na ƙarshe mu ne da nasara, na zauna a ƙasa, na yunƙura in tashi na kasa. Abokaina suka sunkuce ni a kafaɗa, jama'a suka ɓarke da ihu suna kiran Falwaya, a zatonsu murna ce. Kyaftin kuwa ihu yake yi a ba da hanya a kawo mota.

Likitan da ya yanke bandejin bai yi mini faɗa ba, na ma so a ce ya yi. Tambaya ɗaya ya yi, tun yaushe, da na faɗa masa sai ya ajiye almakashin ya ce a kira mahaifina. Ya yi wa Baba bayani a gabana cewa mugunya ta cinye gaɓar ta shiga ƙashi, ta fara shiga jini, kuma tun farko raunin ba wani abu ba ne, hutu da magani sun ishe shi. Ya ce yanzu zaɓi biyu ne, ƙafar ko ran. Baba ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce a ceci ran. Aka yanke ta a saman gwiwa. Bayan na farfaɗo ne aka gaya mini Baba bai bari ma'aikata su taɓa ta ba. Da kansa ya je kasuwa ya yanko farin yadi, ya naɗe ta, ya rungumo ta a bayan acaɓa har maƙabarta, ya haƙa rami ya binne. Bai taɓa yi mini maganar ba har Allah ya karɓi abinsa, kuma bai taɓa cewa ai na faɗa maka ba. Mai babbar riga bai leƙo ba. Kyaftin yana zuwa kullum ya zauna a gefen gado ba ya iya kallona. Ya bar karatun likitan dabbobi a wannan shekarar, ya ce hannunsa ba zai sake riƙe sirinji ba. Wannan ma alhakinsa a kaina yake, domin ni na matsa masa.

Na koma na gama karatuna da sanda, na yi aikin gwamnati, na yi aure, alhamdu lillahi. Ba na ƙin wasa, ba na kuma cewa yara su bar shi. Abin da nake cewa shi ne, ciwo ba abokin gaba ba ne, shi kaɗai ne ya gaya mini gaskiya a wancan lokacin, ni kuma na nemi wanda zai rufe masa baki. Ku masu horar da yara, in kun ga bandeji ku tambaya, kada ku kau da kai don kuna cin wasa. Ku abokai, in abokinku ya zage ku don kun hana shi cutar da kansa, ku shanye zagin ku kira iyayensa. Kai kuma saurayi mai ji da ƙarfi, duk allurar da za ta ɗauke maka zafi ta mayar da kai fili ba tare da ta warkar da kai ba, ka guje ta ko wane ne ya riƙo ta. Ni har gobe, in hadari ya haɗu, gwiwar nan tana yi mini zugi, daidai wurin da ake soka allurar. Sai in kai hannu in dafa, in tarar da wando a naɗe. Likitoci sun ce haka abin yake, kuma babu inda za su soka mini magani.