Man Aksul ɗin Ɗanbaba

Shekara talatin Maniru yana gyaran mota a gindin wata bishiyar dogonyaro a bakin titin Boɗinga. Mutum ne mara yawan magana, bai yi boko ba, amma kunnensa ya san ciwon mota tun daga nesa. Abu guda yake tsoro a duniya, kada rai ya salwanta ta dalilin aikin hannunsa.

Daminar bara Ɗanbaba, wani direba daga Horo Birni, ya kawo masa a-kori-kurarsa, aksul na baya, wanda ke juya tayoyi, ya lalace. Da Maniru ya buɗe, sai ya tarar da wasu siraran fayafai a ciki. Su ne ke sa in taya ɗaya ta zame a laka, ɗayar ta ja motar. Kwana huɗu ya yi yana haɗa shi. Ranar da ya gama, ya zuba man giya irin wanda ya saba. Ɗanbaba ya lodi mutane da buhunan gero, ya nufi Shagari.

Bayan azahar Maniru ya leƙa shagon Alhaji Ubaidullahi mai sayar da man mota, yana ba shi labarin aikin. Alhaji ya ajiye carbinsa.

"Wane mai kaz zuba mata?"

"Wanda nika zubawa kullum, Alhaji."

Alhaji ya sauko da wani galan, ya ɗora yatsa kan haruffa biyu, L da S. "Mai fayafai wanga shika so. In an ba shi wancan, fayafan kamewa sukai in an sha kwana."

Maniru ya zaro wayarsa. Ya kira wayar Ɗanbaba sau uku, ba ta shiga. Ya ɗaure galan ɗin a bayan babur, ya hau titi. A ransa ba ya ganin komai sai motar a kife, mata da buhuna a warwatse. Can gaba ya hango taron mutane a gefen hanya, har ya kasa taka burki sai da ya wuce su. Ashe saniya ce ta faɗa rami ana jawo ta. Ya yi salati, ya ci gaba.

A bakin tashar Shagari ya sami motar, a tsaye kan tayoyinta huɗu. Ɗanbaba na zaune a ƙasa, ya haɗa gumi.

"Malam Maniru, mi kay yi ma motag ga? Duk kwanar da na sha, bayanta sai ya riƙa bugawa kamar ƙashi na karyewa. Mata sun sauka tun a hanya, sun ce gara su taka."

"Laifina ne," in ji Maniru. "Mai na kuskure."

Ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashin motar, ya kwance noti, man ya tsiyaye cikin roba. Ya tsoma yatsu yana murzawa, yana laluben garin ƙarfe, alamar fayafan sun ci juna. Ya daɗe a haka. Bai ji komai ba sai santsi. Sannan ya zuba sabon man har ya fara leƙowa ta bakin ramin.

Shi ya karɓi tuƙin. Ya shiga filin da ke bayan tasha, yana kewayawa a hankali, dama da hagu. A zagaye na farko bugun na nan. Wajen zagaye na goma ya ragu, daga baya ya ɗauke.

Ɗanbaba ya miƙa hannu zai karɓi makulli, Maniru ya hana. Ya bar babur ɗinsa wajen wani mai faci, ya tuƙa motar da kansa har Horo Birni, cikin laka da ramuka, kunnensa a baya. Sai da suka tsaya a ƙofar gidan Ɗanbaba ya tuna tun safe bai sa komai a bakinsa ba. Jamila, matar Ɗanbaba, ta aiko musu da fura, ya shanye kwanon tas.