Masta Hither Ya Kira, Ba Su Zo Ba

Ina shanya wanki a gidana a unguwar Nyanshegu cikin Tamale sai ga ƙanena Awudu a kan babur, ko inji bai kashe ba. Ya ce, "Sista, hau mu tafi. Baba ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mahaifinmu, Malam Issahaku, ya ƙarar da ƙarfinsa yana koyar da Turanci a wata firamare a Lamashegu, inda kowa ke ce masa Masta Hither. Hither tsohuwar kalma ce da Turawan ma sun jingine ta, ma'anarta "taho nan inda nake." Da ita yake kiran ɗalibi, ko laifi ya yi ko abin yabo. Yakan ce, "Here, wato 'nan', a zaune take, hither kuwa ƙafa gare ta. Wanda aka ce wa ita, tashi zai yi ya tako." Ko tuwo da ita yake kiranmu, mahaifiyarmu Mma tana tsaki tana cewa Turancinsa bai taɓa ƙara wa miya daɗi ba.

Shi ma yana takawa. In ɗalibi ya daina zuwa aji, Baba kan hau kekensa har Gumani, ya same shi a gona, ya lallashi uban, ya ɗauko shi.

Da shanyewar jiki ta kwantar da shi, magana ta gudu, kalmar nan tana cikin 'yan kaɗan da suka rage a bakinsa. Da ya ji mota a ƙofa sai ya ɗaga yatsa ya faɗe ta. Na kira tsofaffin ɗalibansa, manya a Accra da Kumasi, wasu ma nan cikin Tamale. Fuska kawai yake so ya gani. Kowa ya ce, "Insha Allah, next week," wato sai mako mai zuwa.

Yanzu sun aiko cewa ranar addu'ar arba'in za su zo da rumfuna, har sun buga riguna da hotonsa, an rubuta kalmar a ƙirji. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Mma ta ce, "Bari su zo, a ba su ruwa. Mai kiran ya tafi."

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya ba Mma da mu haƙurin rashinsa. Ya Allah, ka karɓe shi da rahama, domin da Ka kira shi bai ce sai mako mai zuwa ba.