Ƙusar da Ke Cikin Bedi

Ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunansa, a Tasawa ya koyi aiki da injin yankan icce. Ya dawo ƙauye da nasa, magidanci da mata da 'ya'ya biyu. In iska ta kayar da icce a hanya ko a gidan wani, shi ake kira, har daga wajen Issawane.

Na sha zama ina tsince wake ina kallonsa ta gefen ido. Kafin ya fita sai ya gauraya esansi, wato fetur, da man inji a kwalba, ya girgiza. Ya ɗauki siririn magagari ya bi haƙoran sarƙar ɗaya bayan ɗaya. Ya ja ta da yatsa, in ta saki ya ɗaure. Ba ya yanka da hancin injin, ya ce nan yake harbi kamar jaki. Ba ya ɗaga shi sama da kafaɗa. Sai ya kori yara da awaki, ya cusa auduga a kunne. Kuma duk mai icce sai ya tambaye shi: «Akwai ƙarfe a jikinsa? Ƙusa ko waya?» Mutane har dariya suke, suna cewa likitan itatuwa ya zo.

Wata damina iska ta karkatar da bedin tsakar gidana, ya jingina da katanga. Tun ina amarya na tarar da shi. Ɗan nawa ya zo da safe, ya durƙusa ya gaishe ni, ya zagaya iccen.

«Inna, akwai ƙarfe a jikinsa?»

«Babu,» na ce. Ko kaina ban ɗaga daga turmi ba.

Ya sauke rassan lafiya. Da ya kai ga gindin, wajen tsayin ƙirji, sai na ji ƙarar ta canza, kamar an buga tasa da dutse. Injin ya yi tsalle. Na ga ya zauna a ƙasa a hankali, ya riƙe hannun hagu, rigarsa tana rinewa. Bai yi ihu ba. Cewa ya yi: «Ku kashe injin, kada wani ya taɓa sarƙar.»

Da kallabina na ɗaure hannun. A amalanke muka kai shi bakin hanya, mota ta kai mu gidan likita a Mayahi. An ɗinke shi, Allah ya bar mana ransa da hannunsa, amma yatsu uku sun daina lanƙwasawa.

Da ya dawo, abin da ya fi ciwon cinsa shi ne zargin kansa. Duk wanda ya zo sannu sai ya ce masa: «Laifina ne. Ranar ban wasa sarƙar yadda ya kamata ba, na ce ai aikin gida ne.» Ya daina zuwa dandali. Matarsa ta ce tuwo ma sai ta yi ta lallashi.

Bayan kaka ina faskaren gungumen bedin, gatari ya tsaga shi, sai ga ƙusa, doguwa, baƙa, da sabon karce yana ƙyalli a kanta. Na gane ta. Ni na kafa ta da dutsen niƙa lokacin yayensa, ina rataye ragayar kununsa saboda kaji da awaki. Iccen ya yi ta girma har ya haɗiye ta, ni ma na manta.

Na ƙulle ta a bakin zane. Ta yi wata biyu a nan. Mu a wajenmu uwa ba ta zama hira da ɗan fari, ko ido ba ta cika haɗawa da shi ba. To da wane baki zan fara, kuma da wannan magana? Amma kullum in na ji ya ce «laifina ne», sai in ji ƙusar tana sukata a ƙugu.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci na same shi a zaure, ya sa injin a gaba yana goge shi da tsumma, da hannu ɗaya. Na kwance ƙullin, na ajiye ta a tabarma.

«Wannan ce ta harbe ka. Sarƙarka ba ta da laifi. Ka tambaye ni, na ce babu.»

Ya ɗauka, ya juya ta, ya daɗe yana duban karcen.

«Me aka rataya a kanta, Inna?»

«Kununka.»

Ya yi ɗan murmushi. «Ashe tsohuwar sani ce.» Sai ya sunkuyar da kai, na ga kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa shi ba. Na juya fuskata ga bango.

Can ya share ido da bayan hannu, ya jawo magagari. Ya gwada riƙe takobin injin, ƙarfen da sarƙar ke zagaye da shi, da hannun hagu, ya zame. Ya sake, ya zame.

«Inna, riƙe mini nan. Danne da ƙarfi.»

Na danne. Ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya har ya zagayo. Bai sake tayar da injin ba har yau, ba zai iya ba, shi ma ya sani. Amma duk Juma'a yana fito da shi, ni kuma in bar abin da nake yi in zo in riƙe.