Ranar da na kira sunan 'yata ta fari

Shekarun baya, muna zaune a Tudun Wada, ina da abin da nake taƙama da shi: ban taɓa kiran sunan 'yata ta fari ba. Haka na taso na gani a gidanmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗora shi a cinya a gaban mutane. Ni kuwa na ɗauki abin da zafi har na fi mahaifiyata. "Ke" nake ce mata. Ita ma Adda take ce min, yadda ta ji ƙannena suna kirana, alhali ƙannenta biyu Mama suke cewa. Dangin mijina na yabon kunyata, ni kuma kaina na ƙara kumbura.

Tana shekara tara ta yi sanyi. Ta daina wasa, abinci sai ta tsakura, daga makaranta sai ɗaki. Na ce Allah ya ba ni 'ya mai natsuwa.

Mai kitsonmu ce ta fara gani. Tana tsefe mata kai ta nuna min wani fili a bayan kunnenta, ko gashi ɗaya babu. Na ce makero ne. Sati uku ina shafa mata man kemis, filin sai faɗi yake ƙarawa, dole muka tafi asibiti.

Wata dattijuwar nas muka samu. Ta ɗauki biro ta ce, "Sunanta?"

Na zunguri yarinyar. "Ke, faɗa mata."

Nas ta kalle ni ta saman tabarau. Ta duba kan, ta ce ba makero ba ne, da hannu ake tsige gashin. Ta ce in ɗan jira a waje. Da ta gama magana da yarinyar, ta fito ta zauna kusa da ni.

"Hajiya, ke kika haife ta?"

Na ce wannan wace irin tambaya ce.

"Ni na sani, kamarku ɗaya. Ita ce ba ta sani ba. Ta ce riƙonta aka ba ki, tana jiran uwarta ta zo ta ɗauke ta. Kuma gani take wani laifi ta yi, shi ya sa ba a zo ba. In tunanin ya taso mata sai ta yi ta tsigar gashi."

Nas ɗin ta haɗa mu da likitan da ke duba damuwar yara, muka fito.

Washegari na je Pantami wajen mahaifiyata, ina so ta wanke ni. Na ce, "Inna, ba haka kika yi min ba? Me ya same ni?"

Ta ce, "Ke kina da kakarki a tsakar gida, tana goya ki, tana miki kirari. Ita a gidan hayarku wa take da shi?"

Da la'asar na koma gida, na sami yarinyar a bakin famfo tana wankin safa. Sai da na gwada sunan sau uku a kicin, ƙasa-ƙasa, kamar mai bitar hadda. Sannan na kira.

Ba ta juyo wajena ba. Ƙofar gida ta kalla, tana neman wadda ta shigo.

Na sake kira. Ta ce, "Ni, Adda?"

Na durƙusa a gabanta na ce, "Ni na haife ki, ranar Laraba, ana ruwan sama. Ba wadda za ta zo. Ni ce."

Ta ce, "Da gaske?" Muka yi kuka, kumfa duk a zanina.

Ba a ranar ta warke ba. Mun yi watanni muna zuwa wajen likita kafin hannunta ya bar kanta. Har yau ban raina al'adarmu ba, sai dai na gane na ɗauko kunyar, na baro kakar da ke cike gurbin. Kuma na daina yi wa shirun yaro fassara ban tambaye shi ba.

Yanzu ta fi ni tsawo. Nakan kira sunanta ba dalili, ta ce, "Mama, me kuma?" in ce ba komai. Ina so ne kawai in ga wajena ta juyo, ba ƙofa ba.