Audugar abokina

Shekarun baya, lokacin Gana ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, gwamnati ta yi ta kiran matasa su koma gona. Ni da abokina muka amsa. 'Yan zango ne mu, iyayenmu fatake, amma muka nemi fili a ƙauyen Gbalahi muka shuka auduga, gonata na jikin tasa. Ni ne na iya noma, shi kuwa rabin yininsa a gindin kaɗanya yake ƙarewa.

Damina ta yi tsakiya sai ganyen audugata ya fara rawaya, yana yaushi alhali ƙasa a jiƙe take. In ka tsaga karan sai ka ga cikinsa ya yi duhu. Na zuba toka, na ƙara taki, na yayyafa rubutu, duk a banza. Tasa kuwa kore shar, har bakin iyakarmu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da mahaifina ya zo dubawa. Ya wuce tawa, ya tsaya a tasa yana shafa ganye.

"Kai, yaron nan yana da hannu," in ji shi.

Ran nan ko tuwo ban iya ci ba. Na fara zargin ko wani asiri abokin nawa ya binne. Da na tambaye shi, dariya ya yi.

"Wallahi, ɗan'uwa, irin da kakata ta ba ni ne kawai. Kai da ka raina shi ka sayi na kasuwa?"

Labari ya kai kunnen ofisan agirik, wato malamin gona, ya zo a kan babur. Ya ce wata funfuna ce ke zaune a cikin ƙasa, tana shiga ta saiwa ta toshe hanyar ruwa, kuma tana nan a gonakin biyu. Bambancin a iri yake. Wata audugar tana gadon ƙarfin tare cutar daga uwarta, kamar yadda ɗa ke gadon tsawon ubansa, kuma in aka riƙa zaɓar 'ya'yan waɗanda suka tsira, gadon zai ɗore.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wato ba iyawarsa ba ce?"

"Ba iyawar kowa ba ce."

Na ji sanyi a raina, amma bai daɗe ba. Da na sake tunani sai abin ya fi zafi: ni na yi gumi, shi ya ci gado. Ofisan ya ɗebi irin ya kai gonar gwaji, abokina a bayan babur yana ɗaga mini hannu.

Da shuka ta zagayo, abokina da kansa ya kawo mini ƙwarya cike da iri. Na karɓa ina cewa ba lallai in shuka ba. Na shuka mana. Ta yi kyau har ta fi tasa, amma duk wanda ya wuce sai ya ce, "Ai irin wane ne." Haka sunansa ya manne wa irin a duk yankin.

Yanzu na gane hassada ba ta jin bayani. Da audugar nan na yi aure, da ita na gina ɗaki a unguwar Lamashegu. Abokina ya rasu, ina yi masa addu'a kullum, kuma da zuciya ɗaya nake yi. Amma har yau in jikokina suka tambaye ni sunan irin, sai in ce na manta.